Malamar da Ta Kira Rajista a Bakin Tasha

Ƙarfe bakwai saura kwata take fitowa, jaka a kafaɗa, rajista a hammata, tana ɗan jan ƙafar hagu. Shekara talatin da biyar ke nan tana bin hanya ɗaya: ta wuce gidan burodi, ta tsallaka titi a bakin tasha, ta shiga makaranta kafin mai gadi ya gama shara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye alli. Malama Rajista muke ce mata, amma a bayan idonta.

Zaman jama'a da haƙƙin ɗan Adam take koyarwa, sai dai ba ta buɗe littafi sai ta gama kiran suna. In ta kira wani aka yi shiru, sai ta dubi wanda suke benci ɗaya ta ce, "Ina maƙwabcinka?" Ka ce ba ka sani ba, ka samu aikin gida: ka je ka gano, gobe ka kawo labari. Ita kuma ke raba benci, kuma wanda kake yi wa dariya saboda harshensa ko yagaggiyar rigarsa, da shi za ta haɗa ka. Mun tsani tsarin nan. Da na bar makaranta a aji biyu, sati uku maƙwabcina na benci, Dogo, yana sallama a ƙofarmu, har innata ta tambaye shi ko a ba shi ɗaki ne.

Mai gadi ya shaida mini cewa ta taɓa kwana uku tana zarya ofishin shugaban makaranta, sai da aka karɓi 'ya'yan 'yan gudun hijira da ba su da takardar haihuwa. Wannan ji na yi. Na bakin tasha kuwa, da ni aka yi.

Bara ne, da rana tsaka. Wayar wani direba ta ɓata, aka nuna wani ɗan dako, baƙo, wanda ko gaisuwarmu bai gama iyawa ba. Kafin ka ce me, yana ƙasa gaban rumfar mai faci, jini na zuba daga girarsa. Wani ya gangaro da taya, wani ya ruga neman fetur. Ni kuwa ƙarfen kwance taya ne a hannuna, alhali ko kalar wayar ban sani ba.

Sai ga ta, an tashi makaranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kutsa cikinmu tana jan ƙafa, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta buɗe rajista a cinya. Direban ya ce, "Mama, tashi kada abin ya shafe ki." Ko kallonsa ba ta yi ba. Fuskokinmu take bi ɗaya bayan ɗaya.

"Benci na uku, gefen bango."

Dogo, wanda yanzu mahauci ne, da gora a hannu, bai san lokacin da bakinsa ya ce, "Ina nan, Malama," ba.

Sai ta juyo kaina. "Benci na uku, gefen taga. Kai ma ban goge ka ba."

Rajistar ta ɗaliban shekarar ce, babu sunanmu a ciki. Da ka take kira. Mu tara ta kira, mu tara muka amsa. Mai fetur ya iso da kwalba yana haki, ta ce masa bai taɓa kawo aikin gida a kan lokaci ba sai yau. Babu wanda ya yi dariya. Ta dafa kafaɗar baƙon ta ce, "Yau ni da shi benci ɗaya muke. In gobe aka tambaye ni ina maƙwabcina, me zan ce?"

Na baya ba su san ta ba, sai turowa suke yi. Dutse ya taso ya same ta a kafaɗa, rajistar ta faɗi. Nan Dogo ya juya mata baya ya fuskanci taron. Na yar da ƙarfen na tsaya gefensa, kamar dā. Mu tara muka kewaye su, ana zaginmu ana tofa mana yawu, har motar 'yan sanda ta iso.

Daga baya na tambaye ta ko da gaske ya ɗauki wayar. Ta ce ba ta tambaye shi ba, wannan aikin alƙali ne, kuma da na daure zuwa aji uku da na sani.

Malama, ke ce kika ceci mutum goma a ranar: shi daga wuta, mu tara daga abin da za mu kwana da shi har kabari. Ke ce uwar da ba ta goge suna. Babu lambar yabo a bangon ɗakinki, sai ciwon kafaɗa da ke tashi in an yi sanyi. Mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da alli ba. Ku dubi wanda ke gefenku a wurin aiki, ko da ba yarenku ɗaya ba, ku san inda yake.

An sallami baƙon, ya dawo tasha. Kullum kafin in tayar da babur sai na nemi baronsa da ido. Shekaranjiya ban gan shi ba. Na je na gano, Malama: zazzaɓi ne, kuma ya fara samun sauƙi.