Ledar Kujerar Sabon Babur

Jama'a, yau babur ɗina ya sauke ni a unguwar Barroquinha, nan ƙasar waje!

Jiya na sayo shi. Na haɗa da hular kwano, safar hannu, baƙin mai, sifana, har famfon iska. Maƙwabcina Valdir, bakanike, ya ce, "Sani, cire ledar kujerar nan."

Na ce, "A Kano ba ma cirewa. Ta yaya za a san sabo ne?"

Da safe aka yi yayyafi. Na kama hawan tudu, na murɗa totur. Leda ta jiƙe, sai santsi! Sai ga ni zaune daɓas a titi, babur ya wuce shi kaɗai ya daki bango. Fitila ta tarwatse, tanki ya lotsa!

Valdir ya zo ya duba, ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ledar ko ƙwarzane ba ta yi ba."