Malam Mahmuda da Tarwadar Teku

Malam Mahmuda mai gilashi bai iya godiya ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ka ba shi goro, sai ya jujjuya shi ya ce ya kwana biyu. Matarsa Ramlatu ta daina jiran ya yaba miyarta tun tana amarya. Amma a Dutsin-Ma in tagarka ta fashe, shagonsa za ka nufa, don hannunsa ba ya karkata.

A Kurfi aka haife shi, teku kuwa sai a talabijin. Wani malamin jami'a, mutumin kudu, ya sa shi ya haɗa masa akwatin gilashi na kiwon kifi. Da malamin ya tashi komawa garinsu, mai motar kaya ya ce shi ba ya ɗaukar ruwa, sai aka bar wa Mahmuda akwatin da kifi uku a ciki. Ya ce ruwan ya yi dauɗa, sannan ya karɓa.

Kifayen farare ne kamar azurfa, ga dogon gashin baki, ga ƙaya mai dafi a gadon baya. Duk wanda ya ce tarwada ce, ya jawo wa kansa karatu. Dangin tarwada ne, in ji Mahmuda, amma na teku. Gidansu inda kogi ke shiga teku, ruwan zartsi. Suna ƙanana suna jure ruwan daɗi, in sun girma sai da gishiri. Kuma ba na miya ba, wani ne da direba ke kawo masa daga Kano. Har sola ya saya wa injin da ke hura musu iska, Ramlatu tana ɗaki tana fama da mafici.

Wata damina ya sami aikin tagogi a Kuki, sai ya kwana can. Bayan fitarsa yayarsa Hawwa'u ta iso daga Rawayau ganin likita. Ta ga gishiri ya bushe fari fat a bakin akwatin, ta tsoma yatsa ta lasa.

"Ramlatu, mijin naki tun da ransu ya fara zuba musu kayan miya?"

"Yaya, ya ce kada a taɓa."

"Ni na goya shi."

Ta kwashe ruwan da ƙwarya, ta cika akwatin da ruwan sama na randa, wanda sai baƙo mai daraja ake ɗebo wa. Ta marmasa musu tuwo, ta yi musu sannu.

Da Mahmuda ya dawo, biyu na kwance a ƙasa suna haki, ɗaya ya juya ciki sama. Ya ɗanɗana ruwan, ya dubi Ramlatu, Ramlatu ta dubi tabarmar da Hawwa'u ke zaune a kai tana jiran godiya.

Ko hularsa bai cire ba. Ya tsame tuwon, ya dama gishirinsa a bokiti, ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan da kofi, don in ya juye gaba ɗaya sauran ma za su bi ɗan'uwansu.

"Kifin dam ɗin Zobe gishiri ake zuba masa?" in ji Hawwa'u.

"Na Zobe ɗan gida ne, Yaya. Waɗannan baƙi ne."

"To baƙin naka sun cika tsirfa. Halin mai masauki suka ɗauka."

Wanda ya mutu ta ce ba za a yi asararsa ba. Ta gutsure ƙayar da wuƙa, ta soya shi, ta ce ƙashi ya fi tsoka yawa. Mahmuda ya ƙi kallon kwanon.

Kwanaki ya yi shagonsa a rufe, masu fasassun tagogi suna liƙa kwali. Sai da kifayen biyu suka tashi suka kama zagaye, suka karɓi abinci, sannan ya ci tuwo da kyau. Yanzu kowanne ya kai tsawon kamu, akwatin ya fara yi musu kaɗan.

Ranar da Hawwa'u za ta koma Rawayau, ya tara mutanen gidan a tsakar gida, har da maƙwabtan da suka shigo sallama.

"Don Allah ina roƙonku," ya ce, "duk wanda tausayin kifin nan ya kama shi, ya kai tausayin asibiti, akwai masu bukata. Ruwan nan dai a bar mini shi yadda na bar shi."