Kawuna da Sunayen Waƙoƙinsa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Kawuna, yayan mahaifiyata, bayan jinyar mako biyu a asibiti. Allah ne Ya ba mu shi, kuma wurinSa ya koma, mu ma can za mu. Ina aji aka zo aka ɗauke ni. Duk mutanen da suka zo gaisuwa babu wanda ya ji bakina, don ban iya magana a cikin jama'a ba. Shi ya sa na rubuta. Kawu, wannan taka ce.

Kai kaɗai ne ba ka taɓa ce min "ke ba kya magana ne?" ba. Da muka dawo gidanka da zama ni da Mama, nakan tsaya a bakin ƙofar ɗakinka ina jin kiɗa, in ka juyo in gudu. Rana ta huɗu ka ajiye kujera kusa da taka. Rana ta shida na zauna.

Shekara talatin ka yi kana tuƙin babbar mota, kuma duk garin da ka sauka sai ka sayi kaset. Da ka ajiye tuƙi, ka zauna ka juye su ɗaya bayan ɗaya cikin tsohuwar kwamfutarka ta kan tebur. Waƙa dubu huɗu da wani abu. Dukkansu da lamba suka shiga, babu suna. Manhajar jin kiɗa da ta zo da kwamfutar ba ku shirya ba. Ka ce tana da shisshigi, tana gauraya maka waƙar biki da ta makoki. Ka sa aka saka maka wata daban, mai launin toka, marar ado. Layi-layi ne kawai: sunan waƙa, mai waƙa, shekara, taurari, sai wani gurbi mai faɗi a ƙarshe inda ake rubuta bayani.

Idonka ya riga ya fara rauni, don haka ni na zama mai rubutu. Sakatariya kake kira na. In na dawo daga makaranta sai mu kunna waƙa, ka rufe ido, ka faɗi sunanta da wanda ya yi ta, ni kuma in buga da yatsa biyu. Bayanin ne ya fi daɗi. "Na saye ta ranar da taya ta fashe mana a kan gada." "Wannan uwarki take bi in tana wanki, kuma ba ta iya ba." Na rubuta haka, Mama ta zo ta gani ta ce sai an goge, ka ce ai ofis ya riga ya tashi.

Ba ka taɓa tambayata wadda nake so ba, don ka san ba zan faɗa ba. Ƙafata kake kallo. In ta motsa sai ka ce, "Sakatariya, ba ta tauraro biyar." Ranar da na faɗi jarrabawar lissafi na ɓoye takardar a jaka, ba ka yi min faɗa ba. Ka ce in kunna jerin da ka sa wa suna "Na ranar da abu ya ƙi", muka ji har aka kira mu cin abinci.

Kwana goma bayan rasuwarka, Yaya Babba, ɗanka na fari, ya ce zai kai kwamfutar wurin mai gyara a goge komai, ƙaninsa ya samu ta karatu. Ya ɗaga filashi, ɗan abin da ake kwafar waƙoƙi a ciki, ya ce wa Mama, "Kada ku damu, waƙoƙin Baba duk na kwashe." Gabana ya faɗi. Na san waƙoƙin kawai ya kwashe. Sunaye da taurari da bayani ba sa bin su, a cikin manhajar suke zaune. Mun taɓa tura wa Mama guda goma a waya, suka isa da lamba tsirara. In aka goge, aikinmu na shekara biyu ya tafi, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

Kawu, ka yafe min, shiru na yi. Ina kallo ya naɗe wayoyin ya fita da ita. Kwana biyu ina shiga ɗakinka ina ganin shatin inda take a kan tebur.

A rana ta uku na bi ta shagon daga makaranta. Na daɗe a tsaye kusa da wani tulin matattun kwamfutoci kafin mai gyara ya lura da ni. Na roƙe shi kada ya goge kwamfutarka, ya ce, "Yarinya, ɗaga murya, fanka ta fi ki ƙara." Na sake faɗa. Ya ce ita ce ta gaba a layi, kuma ba zai fasa ba sai wanda ya kawo ta ya ce. Ya kira Yaya, ya miƙo min wayar. Na ce, "Yaya, don Allah ka zo ka gani da idonka."

Ya zo ransa a ɓace. Aka kunna, na buɗe manhajar, na rubuta "Babba" a wurin nema. Layi talatin da bakwai suka fito. Ya sunkuya ya karanta na farko: "Da wannan muke lallashin Babba lokacin da yake haƙori." Ya karanta na biyu da na uku. Sai ya ja benci ya zauna, ya karanta har ƙasa. Mai gyara ya juya ya kama wani aiki. Da Yaya ya gama karantawa ya ce masa, "Malam, bar ta." A hanya shi ya rungumo ta, ni na riƙe wayoyi.

Yanzu ta koma kan teburinka. Ina zuwa bayan makaranta kamar da. Saura waƙa ɗari biyu da shida da ba mu kai kansu ba. Na kunna wa Mama, ta gane huɗu. Matarka ta gane tara, sannan ta ce in kashe haka nan. Sauran ina jin su ni kaɗai, ina barin gurbinsu fari. Ba zan rubuta abin da ba ka faɗa ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda haƙurin da ka yi da ni. Ina yi wa matarka ta'aziyya, da Yaya Babba da ƙannensa, da Mama da ta rasa yayanta ɗaya tilo, da abokan aikinka direbobi da suka zo daga nesa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Sakatariyarka.