Rafin da ya cika ba hadari

Mutanen Daura, yau saura ƙiris ku yi mini sallar da ba gawa.

Kun san na kawo wasu malamai yawon ganin namun daji a duwatsun Taraba. Tun safe muke hawa, hankalina yana kan motar da na bari a gindin dutse. Da azahar na hango busasshen rafi, yashi fari tas kamar namu na Zango. Na sauka, na tuɓe takalmi, na shimfiɗa rawani.

Buba, mai gadin dajin, ya ce, "Baba direba, fito daga nan."

Na ce, "Ɗana, sama tarwai take. Tun ba a haife ka ba nake salla a yashin rafi."

A raka'a ta biyu birai suka kama ihu suna hayewa bishiyoyi. Sai na ji ruri kamar na tirela. Buba bai jira na sallame ba, ya fizgo ni ta wuyan riga har tudu.

Jan ruwa ya wuce da itatuwa, da rawanina, da takalmana. Ashe can saman dutse aka yi ruwa.

Buba ya ce, "Baba, ai takalmi ne kawai."

Makullin motar a ciki na ajiye shi. Duk wanda ke kusa da maigidana mai motar, ya ce masa a aiko da ɗayan.