Abin da na rubuta wa Lawal

Jiya a kasuwar Ƙanƙara na ci karo da Lawal, abokina tun firamare. Na miƙa mashi hannu, ya amsa a sanyaye.

Kwanaki mun yi musu a Facebook kan ɗan takararshi, har na rubuta cewa jahilci ke damun shi. Mutane suka yi ta dariya, na ji daɗi.

Ya ce, "Idona ya yi rauni, ɗiyata ke karanta mani. Da ta zo kan naka sai ta ce, 'Baba, ba shi ne ke cin tuwo gidanmu ba?'"

Na goge rubutun, Lawal kuma ya yafe. Yarinyar ce ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Jama'a, me zan ce mata?