Jirgin Ya Dawo, Manjo Tawfiq Bai Dawo Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Talata, 11 ga Maris, Allah Ya karɓi ran Manjo Tawfiq Nababa, injiniyan rundunarmu, yana bakin aiki.

Oga, har yau ina jin haushinka, kuka ne ya hana ni faɗa.

Ka same mu sojoji 'yan kaɗan, daji ba iyaka, kasafin kuɗi kuwa ba ya kai ko'ina. A da, mutum ake turawa gaba da ƙafa ya duba hanya, kuma sau da yawa ni ne mutumin. Ka ce ba za ta saɓu ba. Ka mai da falonka na Kubwa wurin haɗa ƙananan jirage marasa matuƙi, har maiɗakinka Hajiya Sa'adiya ta haƙura da teburin cin abincinta. Gonar wani dattijo a Karshi, Baba Yamusa, ita ce filin gwajinka. Ranar da ɗaya ya rikito cikin doyarsa, tsohon ya ɗaga shi ya ce, "Oga, wannan tsuntsu naka faɗuwa ne kawai ya iya!" Ka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ka karɓi fartanya ka gyara masa kunyar.

Maganarka kullum ɗaya ce: "Ƙarfe ya shiga gaba, ɗan mutum ya koma gida."

To, me ya kai ka? Jirgi ɗaya ya rage mana mai lafiya, ya faɗi bayan dutse. Ka san in babu shi, gobe ƙafata ce a gaba. Na ce zan ɗauko, ka ce, "Zauna, Sajan, kai lalata min shi za ka yi." A hanyar dawowa 'yan bindiga suka harbe ka. Da aka kawo ka, jirgin na rungume a ƙirjinka.

Washegari jirgin ya tashi, ya hango kwanton ɓaunar da aka yi mana, muka sauya hanya. Dukanmu mun koma gida.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Hajiya Sa'adiya da dukan dangi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ke kuma autarsa Hafsah, ranar da kika girma kika tambayi abin da ya hana Abbanki dawowa, ki sa a kira ni. Sai ki dube ni kawai.