Majinar da Na Hana Inna Tsotsewa

'Yata tana da wata uku mura ta kama ta. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, sai da na ga ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, hanci a toshe, ƙirji na ƙara kamar ana fito.

Mahaifiyata, Inna, tun haihuwa ta zo daga Karakkai ba ta koma ba. Ta ɗauki jaririyar ta kai baki hancinta, za ta tsotse majinar yadda ta yi mana mu bakwai. Na fizge 'yata. Na ce wannan ƙazanta ce, ba a gidana ba. Lokacin sabuwar malamar makaranta ce ni, ina ji da kaina. Inna ta goge hannu a zani ta fita tsakar gida.

Washegari da hantsi na ga ƙasan haƙarƙarin yarinyar na lotsawa da kowane numfashi, nono kuwa ta daina nema. Tsoro ya kama ni. Muka yi asibiti a nan Gusau.

Likita ta saurari ƙirjinta, ta ce ƙwayar cutar mura ce ta sauka ƙananan hanyoyin iska na huhu. Na roƙa a yi mata allura. Ta ce allura ba ta kashe irin wannan, jikinta ne zai yi faɗan, namu kawai mu taimaka ta numfasa ta sha. Aka sa mata iska ta siririyar roba. Sai nas ta ɗiga ruwan gishiri a hancin, ta jawo wata na'ura.

Inna ta matso. "Wagga aba mi taka yi?"

"Majina take janyewa, Inna," in ji nas.

"Iye! Ashe nan ma tsotsa aka yi."

Ba ta dube ni ba. Da ta duba da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu ina tatsar nono ana ba yarinyar ta roba. A na uku aka cire iskar, na kai ta ƙirjina, ta kama ba ta saki ba. Ina jin haɗiyarta ɗaya bayan ɗaya, na yi ta kuka don daɗi.

Da za a sallame mu nas ta miƙo ƙaramar robar zuƙe majina, ta ce ta fi baki tsabta. Na miƙa hannu, sai na janye. Inna ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta.